Amsa Ta Huɗu

Batirin ya mutu ne a daidai lokacin da Abu Wadih ya gama magana ta rediyo da mutum na uku, wani Bajamushe mai tari. Fuskar rediyon ta yi baƙi ƙirin, sai Ghassan ya ji gumi ya karyo masa duk da sanyin kan dutsen.

Dokar masu wannan sha'awa ta kiran juna da rediyo daga kan duwatsu ba ta da wasa. Ka hau ƙololuwa da ƙafarka, ka kafa eriya, ka yi magana da mutum huɗu, sannan a ba ka makin dutsen. Abu Wadih ya tsufa yana bin duwatsun Lebanon da jaka a baya, yau kuma zai cika maki dubu. Likita ya ce gwiwoyinsa sun gama aiki, wannan ne hawan ƙarshe. Shi ya sa 'yan ƙungiyarsu ta masu rediyo suka biyo shi da gurasa mai yajin za'atar da kayan zaƙi na kunafa da butar gahawa. Amsa ta huɗu kuwa ya ajiye wa ɗansa Wadih, wanda ya yi jarrabawar lasisin rediyo a Montreal ta Kanada saboda wannan rana kawai, yana can zaune gaban rediyo yana jira.

Aiki ɗaya tak aka ba Ghassan, ya zo da batiri a cike. Jiya an ɗauke wuta ana tsakiyar ƙwallo, ya jona talabijin da shi, wai zai mayar da cajin da safe. Wutar ba ta dawo ba. Ya sa shi a jaka haka nan yana fatan Allah ya rufa asiri, kuma abin haushin ma ƙungiyar ƙwallon da yake goyon baya aka lallasa.

"Ghassan, ba ka ce ya cika ba?" in ji Siham, sakatariyar ƙungiya.

"Wataƙila sanyi ne ya..."

"Wane sanyi? Kai da ka cika mu da saƙo jiya kan alƙalin wasa, alhali unguwarku babu wuta? Da me ka kalla, da kyandir?"

Wani ya fara dariya, ya haɗiye ta. Ghassan ya so ƙasa ta tsage ya shige. Da tsohon ya zage shi da ya fi masa sauƙi, amma sai ya ci gaba da murɗa maɓalli a hankali kamar rediyon zai ji tausayinsa.

"Kawu, ka yafe mini. Bari in sauka in nemo wani."

"Kafin ka dawo rana ta faɗi, ɗana." Abu Wadih ya zaro ɗan ƙaramin rediyon hannu daga aljihu, wanda kiransa ba ya wuce ƙauyukan gindin dutse. Ya yi kira har muryarsa ta dushe, babu wanda ya amsa. Duk masu amsawar ai ga su nan kewaye da shi riƙe da faranti, kuma wanda ke kan ƙololuwa tare da kai ba a lissafa shi.

Siham ta miƙa wa Ghassan nata rediyon hannun. "Gangara sai ka fita daga iyakar ƙololuwar, ka kira shi. Ko wannan ma a rubuta maka?"

Ya gangara yana tuntuɓe, kunya kamar ta kashe shi. Da ya yi nisa ya danna maɓalli, ya faɗi lambar kiransa ta rediyo.

"Ina jin ka sarai, ƙarfin sautinka biyar da tara," in ji tsohon, da muryar da yake amsa wa baƙi. "Na gode da amsawa."

Daga sama tafi ya sauko, har da guɗar Siham. Maki dubu sun cika. Ghassan ya zauna a kan wani falalen dutse, ya kasa ɗaga ƙafa ya koma.

Wayarsa ta yi ƙara, lambar Kanada ce.

"Yaya Ghassan, wayar Baba a kashe take," in ji Wadih. "Na ji shi da Bajamushen nan, sai kuma shiru. Ka ce masa ina nan ban tashi ba, yara ma na hana su tafiya makaranta don su gaishe shi. Yaushe zai kira ni?"