Maganar da Zaidu Ya Faɗa wa Taubashinsa

Rumbun Dauda ya ƙone da rana tsaka, bayan an gama shigar da gero. Ba wanda ya ga mai sa wutar. Amma rabin kasuwar Matankari sun ji abin da Zaidu ya ce masa a makon, kuma ina cikin waɗanda suka ji, don rumfata tana jikin ta mai shayi inda suke zaune.

Zaidu da Dauda taubasai ne. Uban Zaidu da uwar Dauda ciki ɗaya suke. Tun suna yara ba su taɓa gaisawa kamar mutane ba, sai zagi. Ranar nan Dauda ya ɗauke kofin shayin Zaidu ya shanye, ya ce ɗanɗanawa ya yi ko da guba.

"Bawan banza," in ji Zaidu. "Bana sai na ƙone rumbunka, in ga da mi za ka yi ƙiba."

"Kai da ko ashana ba ka iya ƙyastawa sai matarka ta riƙe maka hannu?"

Aka yi dariya aka watse.

Dauda bai kai ƙara ba. Ɗansa Jalaluddeen ne ya kai, wanda ke sayar da kayan waya a Dogon Dutsi. Shi dama ya daɗe yana cewa wannan wasan taubasai ba addini ba ne, zagi ne kawai aka sa wa riga. Da jandarmomi suka tambayi Zaidu ko ya faɗi maganar, ya ce ya faɗa, kuma gobe ma in ya ga bawan zai ƙara. Yana dariya suka rubuta. Suka tafi da shi gidan kaso, ya fi shekara a ciki ba a kira shi gaban alƙali ba. Damina ɗaya ta wuce, gonarsa ta zama ciyawa.

Da lokacin shari'a ya matso, gwamnati ta ba shi lauya daga Yamai, wata mace, Metir Firdausi. Ta neme ni don in ba da shaida. Ba ta ɓoye mini ba, ta ce laifin ƙone rumbu shekaru ne masu yawa, mutum mai shekarun Zaidu ba lalle ya fito da ƙafarsa ba.

"Baba, ba su da wanda ya gan shi da wuta," ta ce. "Bakinsa kawai suke da shi. Na roƙe shi ya ce ya yi nadamar maganar. Ka taya ni roƙonsa."

Na je kason na same shi, na faɗa masa abin da lauya ke so. Ya rame, haƙoransa na gaba sun zube.

"In ce na yi nadama? Na mi? In na ce haka ai na yarda da gaske nake ke nan."

"Ka faɗa dai ka fita, Zaidu."

"Ni ban yi wa Dauda laifi ba, ba ni ba shi haƙuri gaban mutane."

Ranar shari'a ɗakin ya cika. Alƙalai suna magana da Faransanci, tafinta yana juya mana. Na faɗi abin da na ji da yadda aka yi dariya. Metir Firdausi ta yi dogon bayani kan taubasantaka, ta ce ko su alƙalan kowa yana da wanda yake zagi ba a jin haushi. Na ga ɗaya daga cikinsu ya rufe baki da hannu.

Aka kira Dauda. Ya tsaya yana murza hularsa, bai kalli ɗansa ba.

"Ranka ya daɗe, wanga ɗan kawuna ne. Ya ce zai ƙone ni, ya ce zai sayar da ni a kasuwar Kamba, ya ce zai aure matata in na mutu. Ni ma na ce masa abin da ya fi haka. Wutar dai ban san wa ya sa ta ba."

Na ɗauka an gama. Sai mai gabatar da ƙara ya miƙe, wani dogo mai tabarau, ba ɗan yankinmu na Arewa ba. Tambaya ɗaya ya yi.

"In an sake ka yau, za ka sake ce masa za ka ƙone rumbunsa?"

Metir Firdausi ta juya ta zuba wa Zaidu ido. Ni ma na yi masa alama da kai. Zaidu ya dubi Dauda, sai na ga bakinsa ya fara wannan murɗewar da na sani.

"To ai ba shi da rumbu yanzu. Sai ya gina sabo tukuna."

Ɗakin ya fashe da dariya, har Dauda. Mai tabarau bai yi ba. Ya jira tafinta ya juya, ya ce a rubuta.

Da suka dawo daga shawara, babban alƙali ya karanta hukunci. Maganar wuta an wanke shi, babu shaida. Amma an kama shi da laifin barazana, wadda ya maimaita a gaban kotu. Shekara biyu, a cire abin da ya riga ya zauna.

Dauda ya ɗaga hannu kamar ɗan makaranta.

"Ranka ya daɗe, ni aka faɗa ma maganar, kuma na yafe. Ni ban ce a ɗaure shi ba!"

Jandarma ya ce ya zauna. A waje Dauda ya tare Metir Firdausi, ya ce zai janye ƙarar yanzu-yanzu, ko ɗansa ya so ko bai so ba.

"Baba, ba taka ba ce kuma," ta ce masa. "Tun ranar da aka rubuta ta zama ta gwamnati."

"To a ɗaukaka ƙara."

"Za mu iya. Amma kafin a kira mu, watannin da suka rage masa sun ƙare. Kuma can suna iya sake duba maganar wutar."

Hadari ya fara haɗowa ta gabas, kowa a ƙauye yana gyaran iri. Aka fito da Zaidu da ankwa za a sa shi mota. Jalaluddeen ya matso ya ce, "Baba, mu tafi, na samo mashin." Dauda ya bi motar da ƙafa har bakin kwalta, takalminsa ɗaya ya faɗi bai tsaya ɗauka ba.