Littafin Hannaye

Da 'yan ajin ƙarshe suka zauna tsara littafin tunawa da makarantarsu, kowa ya kawo nasa adon, wannan furanni, wancan taurari. Malamar zane ta rasa na ɗauka, sai ɗalibar da ake kira Shiru-shiru ta ce, "Malama, mu ɗauki hotunan hannaye kawai."

Malama ta jinjina kai, don ko ita ba ta hango wannan ba. Shafin wasanni ya samu hannun mai tsaron gida, na malamai yatsun da alli ya ɓata, bangon littafin kuwa hannun Inna mai shara.

Ranar rabawa, Inna ta ƙura wa bangon ido, ta tuntsire da dariya. "Kai, yaran nan! Da kun faɗa mini ai da na shafa mai."