Dutsen Taimamar Baba Nata'ala

Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da Baba Nata'ala, alwala ta gagare shi. Babu mai miƙo masa buta kan lokaci. 'Ya'yansa suna Legas, abokan cinikin goronsa sun riga shi tafiya, masu hayar gidan kuwa sai dai su yi sallama daga bakin ƙofa su wuce abinsu. Don haka da dutse yake taimama, wani fari mai murɗaɗɗen zane da ya tsinto a tudun Wurno kafin ya zo Sabo, unguwar Hausawa a nan kudu, yana saurayi.

Wata Juma'a jikarsa Mahbuba, mai karatun ilimin duwatsu a jami'a, ta faɗo gidan. Rabonsa da ganinta tun ƙaramar salla.

"Amaryata ta tuna da angonta," in ji shi.

"Wane ango, ba haƙori ko ɗaya?" ta ce tana dariya. Sai idonta ya faɗa kan dutsen. "Kaka, abeg miƙo min wannan."

Ta juya shi, ta sake juyawa. Ta ce ai ƙwanson wata halittar ruwa ne. Shekaru miliyoyi da suka wuce, tun ba a yi ɗan Adam ba, teku ce shimfiɗe a ƙasar Sakkwato. Abin ya mutu, laka ta binne shi, a hankali ya zama dutse.

Tsoho ya tsorata. "To a kan mushe nake taimama ke nan?"

"Haba Kaka, ba sauran nama ko ƙashi. Dutse ne zalla."

Hankalinsa ya kwanta. Teku a Wurno, inda jakai ke wahalar ɗauko ruwa! Ya yi ta jero tambayoyi. Wasu ma ya san shirme ne, so yake kawai ta ci gaba da zama. Har la'asar tana nan, abin da ba ta taɓa yi ba.

Da za ta tafi ta roƙi aron dutsen, malaminsu ya gani. Mutumin da ko carbinsa ba ya bari a taɓa, nan take ya miƙa mata. Ya yi lissafinsa irin na mutanen da: wanda ya ari abu daga hannun babba, da ƙafarsa yake mayarwa, ya durƙusa ya yi godiya.

Ya sa aka tsinto masa wani dutse a bakin titi, mai kaushi, yana goge masa tafin hannu. Bai damu ba. Kowace Juma'a sai ya roƙi maƙwabci ya sanya masa farar rigarsa, ya aika a sayo fura ta mutum biyu. Ya tanadi sababbin tambayoyi: kifayen tekun fa, ina suka tafi?

Rannan aka yi sallama. Wani ɗan okada ne, hular kwano a kansa, leda a hannu.

"Na yu bi Baba Nata'ala?" ya tambaya da Turancin buroka. "Wata sista 'yar jami'a a unguwar Mokola ta ce in kawo."

"Ita tana waje ne?"

"A'a Baba. Ta ce ta gode sosai, ba sai ka jira ta ba."

Ya tafi ko zama bai yi ba. Baba Nata'ala ya kwance ledar da hannunsa mai lafiya. An wanke dutsen tas, ya yi kyau. Ya ɗora shi a cinya, ya daɗe yana kallonsa, yana cizon yatsa a zuci: da ya sani, da ya ce mata dutsen ba ya fita daga ɗakin nan, duk mai son ganinsa ya zo.