Ƙullin Kanumfari

"Faɗa masa, ɗiyata," in ji Malam Mahadi. "Faɗa wa Barista ko kin taɓa ganin mijinki ya sha abin nan."

Mansura tana zaune a kan benci can bakin ƙofar ofishin lauyan, don ba za ta iya jera kujera da surukinta ba. Tun daga Furfuri har Gusau bai ce mata uffan ba a cikin mota. Sai yanzu ta gane dalilin da ya sa ya taho da ita.

Barista Khalid ya ɗaga hannu. "Malam, dakata in fara gaya muku inda aka kwana. Ɗanka Bashar ya ɗebo fasinjojin Tsafe da rana tsaka. Kusa da Bilbis ya saki hanya, ya buge wata mai tallan nono, Zulai, ƙafarta ta karye. 'Yan sanda sun ciro kwalba ƙarƙashin kujerarsa. Fasinjoji kuma sun ce tun daga tasha suke jin wari."

"Sharri ne."

"To, hanya biyu ce. In ya amsa laifinsa, wannan ne karonsa na farko, kuma ba a rasa rai ba. Ina sa ran bulala da tara, ku ɗauki jinyar matar, ni kuma in roƙi alƙali a kai shi asibiti a raba shi da shan. In ya musa, shari'a za ta ja, yana tsare. Kuma gaskiya ban hango nasara ba."

Malam ya ja carbinsa. "Bulalar nan, a cikin ɗaki ake yin ta?"

"A harabar kotu. Kowa na gani."

"Barista, ni ke jan salla a unguwarmu tun kafin a haife ka. Ranar da aka kwantar da ɗana a gaban jama'a saboda abin nan, wa zai sake tsayawa a bayana? Ciwon kai ne da shi. In ya taso masa sai jiri ya ɗebe shi. Ga matarsa nan, tambaye ta."

* * *

A gidan Malam Mahadi ba a taɓa furta kalmar giya ba. Ciwon kai ake ce mata.

Mansura tana amarya ta fara jin warin a rigar Bashar, ranar da ya biya ta wani lungu a Sabon Gari kafin ya dawo gida. Ta tafi ɗakin surukuwarta tana kuka. Iya ba ta tambaye ta komai ba. Ta buɗe kwalla, ta ɗebo kanumfari, ta ƙulle a tsumma ta danƙa mata.

"Ki riƙa sa masa a aljihu. Ya tauna kafin ya gai da babansa."

Daga nan kowa ya san aikinsa. Iya ta riƙa kunna turaren wuta a zaure. Malam, in ya hango ɗansa yana tangaɗi, sai ya duƙa yana gyaran takalmi har ya wuce. Mansura kuwa kowace safiya ta ƙulla kanumfari ta sa a aljihun mutumin da zai ɗauki rayukan mutane a mota. Da gidan ya kashe rabin wannan wahala wajen neman magani, da Zulai tana tafiya da ƙafafunta yau. Amma ba lafiyar Bashar suke tsaro ba. Bakin maƙwabta suke tsoro.

* * *

"Malama Mansura," in ji lauyan a hankali, "ba kotu ba ce nan. Abin da kika gaya mini da shi zan taimaki mijinki. Yana sha?"

Ta ɗago kai. Maganar ta zo mata har baki. Sai ta ji ƙarar carbin ta tsaya. Malam bai waiwayo ba, ƙeyarsa kawai take gani, da hular da ta wanke masa jiya. Ta tuna a gidansa take kwana, daga rumbunsa 'ya'yanta suke ci.

"Ciwon kai ne," ta ce.

Barista Khalid ya ajiye biro. Ya dube ta, ba da fushi ba.

"Shi ke nan. Matar da ke asibiti fa, kun je kun duba ta?"

"In muka je ai mun amsa ke nan," in ji Malam, ya miƙe yana kaɗe riga.

* * *

Aka yanke gero, aka kai rumbu, shari'a ba ta ƙare ba. Yau a ɗaga, gobe a ce shaida bai zo ba. A masallaci Malam ya ce an yi wa ɗansa ƙazafi, mutane suka ce Allah ya fid da shi, sannan suka kalli juna.

Ranar ziyara Mansura ta kai masa tuwo gidan kaso. Da ƙyar ta gane shi. Ya rame har ƙasusuwan wuyansa sun fito, hannuwansa suna rawa har ya kasa riƙe kwano.

"Barista ya zo," ya ce. "Na ce masa zan amsa. Su yi mini bulalar, Mansura, wallahi na gaji. Ina so a kai ni asibitin."

"To ka amsa mana!"

"Baba ya aiko. Ya ce ranar da na buɗe baki a kotu, kar in sake kiransa uba." Ya sunkuyar da kai. "Matar nan fa? Ta tashi?"

"An ce an yanke ƙafar."

Bashar ya kifa goshinsa a kan ƙarfen da ke tsakaninsu, kafaɗunsa suna girgiza.

Gandiroba ya buga sanda, alamar lokaci ya yi. Mansura ta shiga harhaɗa kwanuka. Ta sa hannu a jaka, ta ciro wani ɗan ƙulli ta miƙa masa ta tsakanin ƙarafa, yadda ta saba kowace safiya, kafin ma ta san ta yi.

Ya kwance. Kanumfari ne.

Ya dube shi a tafin hannunsa, ya dube ta.

"A nan wa zan ɓoye wa?"

Ƙwayoyin suka riƙa zubowa ta tsakanin yatsunsa, suna faɗawa kan siminti. Gandiroba ya zo wucewa ya taka su, ƙamshi ya cika wurin.