Appal ɗin da Ya Yi Barci Babu Hanji

Pukoya, mijin ƙanwata Attabi, ya tafi birnin Koci ya yi wata uku yana koyon nutso, ya dawo da takardar shaida a cikin gilashi da baƙin wando mai matse cinya. Takardar ya buga mata ƙusa a bangon gidan uwarmu, inda muke rataye faifai, ko izini bai nema ba, alhali shi da kansa aure ne ya shigo da shi gidan. Tun daga ranar in zai ambaci teku sai ya ɗaga haɓa, ka ce shi ya haƙa ta.

Ni Kunhibi shekarata talatin da ɗaya ina farautar appal, wata halittar teku mai taushin jiki, a kan dutsen murjani da ya kewaye tsibirinmu. Idan ruwa ya janye sai mu fita, mu mata goma sha, kowacce da tsinken ƙarfe biyu, mu bi ramuka muna neman mai hannu takwas. Da shi muke miya, shi muke shanyawa, da shi na raini 'ya'yana biyu bayan mahaifinsu ya rasu. Ban taɓa samun takarda a kan haka ba.

Sai kwamitin tsibiri ya ce za a naɗa mai kula da dutse, mutum ɗaya da zai riƙa ƙidaya appal, ya faɗi ranar da za a rufe farauta da ranar da za a buɗe. Wata mai binciken halittun ruwa, Dakta Lissi, ita za ta zo ta gwada masu nema. Pukoya ya riga ya gaya wa duk mai shan shayi a bakin jeti, matsayar jiragen ruwa, abin da zai yi in ya samu: zai hana tsoffin mata tattake dutse da ƙafa, ya riƙa kawo baƙi masu kyamara. Tsoffin matan mu ne. Don haka na je na ba da sunana, ina ji suna dariya a bayana.

"Yaya, wannan aikin na ilimi ne fa," in ji shi a kan abinci, yana tsame naman appal ɗin da ni na kamo. "Kin san dalilin da yake canza launi? Akwai wasu 'yan jakunkuna a fatarsa, suna buɗewa suna rufewa."

"Allah sarki. To ka taɓa ganinsa yana yi?"

"A bidiyo, sau ba adadi."

"A'a, a ruwa nake nufi. Ba a tukunya ba."

Attabi ta taka mini ƙafa. Daga baya ta same ni a kicin ta ce in rufa mata asiri, shekara huɗu mijinta bai riƙe aiki ba, mata sun ishe ta da habaici. Na ji tausayinta har cikin raina, don ni na goye ta. Amma ban ce mata zan janye ba.

Ana gobe gwaji na kamo appal huɗu. Kowanne na juya masa kai kamar yadda ake juya aljihu, na zubar da hanji da jakar tawadar da yake fesowa, na mayar, na sa su a firij. Da safe na buɗe na ga uku. Na tambayi Attabi, ta ce wataƙila kyanwa ce, idonta a kan kwakwar da take kankarewa. Kyanwar da ke buɗe firij ta rufe ban taɓa gamuwa da ita ba. Pukoya kuwa tun bayan sallar asuba ya fita, wai ya je duba yanayin ruwa.

Da hantsi ruwa ya janye, rabin tsibiri ya taru a bakin yashi. Dakta Lissi 'yar siririya ce mai furfura a gaban goshi, ba ta da yawan magana. Ta ce kowa zai nuna mata appal mai rai a inda yake zaune, ba tare da ya taɓa shi ba. Shugaban kwamiti, Muttukoya, ya ce mai takarda ne zai fara, ya naɗe zanensa ya biyo mu har ruwa ya kai masa gwiwa.

Pukoya ya sha wandonsa, ya ɗaura gilashin ido, ya maƙala wuƙa a ƙauri, kamar wanda zai yi yaƙi da kifin shak a ruwan da bai kai cibiya ba. Muna cikin tafiya sai ga garken 'ya'yan kuntal, 'yan'uwan appal masu dogon jiki, sun kewaye masa ƙafafu. Ƙananan ba su da launi ko kaɗan, ana hango yashi ta cikin jikinsu, in ba ka lura da 'yan baƙaƙen idanunsu da inuwarsu a ƙasa ba sai ka rantse ruwa ne zalla. Sun fi ashirin. Dakta ta tsaya tana kallonsu, ta tambaye shi me ke wurin nan.

"Nan ba komai, Dakta. Mataccen wuri ne. Matan nan sun gama da shi."

Ta rubuta wani abu a allonta.

Bai duba ko rami ɗaya a hanya ba. Ni da na san aikin, in na bi wannan tazarar sai na tsaya sau goma ina duba ɓawon ƙaguwa a bakin rami, ko yashin da numfashin appal ya hura. Shi kuwa miƙewa ya yi zuwa wani babban dutse mai baki biyu kamar an aike shi. Ya dafa dutsen da hannun hagu, ya nuna ƙasa da na dama, ya ɗaga murya don na bakin yashi su ji.

"Ga shi nan! Babba ma kuwa!"

Lallai ga shi nan. Fari fat, ruwan toka-toka, kwance a bakin baƙin rami, ko makaho ya laluba ya gan shi. An ɗora masa dutse a hannu biyu don kada igiyar ruwa ta tafi da shi. Hannunsa na uku guntu ne, kamar yadda na gan shi jiya lokacin da nake wanke shi.

"Me ya sa bai ɗauki launin dutsen ba?" in ji Dakta.

"Barci yake yi, Dakta. In suna barci fari suke komawa."

"Haka ne," ta ce a hankali. "Sukan yi fari in sun yi barci."

Ashe wata ukun nan bai tafi a banza duka ba. Muttukoya ya fara gyaɗa kai yana cewa masha Allah. Na waiwaya bakin yashi na hango Attabi da mayafinta ruwan goro, ta haɗa hannu a ƙirji. Kusa da ita matan da muke fita tare suna tsaye, har da tsohuwa Sarommabi da ba ta da kowa sai tsinkenta. Wallahi na so in yi shiru. Amma na juya ga Dakta.

"Dakta," na ce, "ki tambayi malamin ko a Koci an koya musu cewa appal na cire hanjinsa kafin ya kwanta."

Ta sunkuya ta janyo shi. Ya taho laƙwam kamar jiƙaƙƙen tsumma. Ta sa yatsa a cikin kan, ta juya shi, babu komai a ciki, wankakke tas, har da sanyin firij ɗina bai gama fita ba.

"Wani ne ya yi mini makirci!" in ji Pukoya. "Yaya, ki ji tsoron Allah!"

"Ina jin sa, shi ya sa ban ce ɓarawo ba, na bar wa kyanwa sunanta. Kai dai kada ka motsa hannunka na hagu."

"Me ya sami hannuna?"

"Ba abin da ya same shi tukuna. Dakta, duba dutsen da ya dafa, taƙi ɗaya daga ɗan yatsansa."

Tun isowarmu na gan shi, wani appal mai rai. Wani kumburi ne a jikin dutsen, launin ƙasa-ƙasa da ɗigon fari, fatarsa ta yi ƙurji-ƙurji daidai da murjanin da ke gefensa, har da wani kore-kore irin na gansakuka. Abu ɗaya ya tona shi, shi ne dutse ba ya numfashi. Dakta ta ɗauki lokaci kafin ta gan shi, sannan ta yi wata 'yar dariya ta jin daɗi. Pukoya ya kai fuskarsa kusa, gilashi da komai, yana cewa ina, ina, shi bai ga komai ba.

Sai dutsen ya buɗe ido. Cikin ƙiftawa ya koma fari, baƙi ya zagaye idon, wani duhu ya bi jikinsa daga kai zuwa hannuwa kamar inuwar gajimare. Ya feso tawada ya wuce ta tsakanin ƙafafun mai takarda. Ihun da Pukoya ya yi, an ce har masu shanya kifi a ɗaya gefen tsibiri sun ji. Ya faɗi zaune, wuƙar ƙaurinsa ko taɓa ta bai tuna ya yi ba.

Kafin ruwa ya dawo na nuna wa Dakta guda bakwai. Ɗaya ya zama yashi, ɗaya ya zama ciyawar ruwa har yana rangaji tare da ita. Ban soki ko ɗaya ba, duk da hannuna yana ƙaiƙayi.

A bakin yashi Muttukoya ya yi gyaran murya ya ce to, an ga abin da aka gani, amma takardun aikin da Turanci ake cika su, Kunhibi kuwa ba ta da shi. Ya faɗi haka yana murmushi, yana ganin ya rufe ƙofa. Dakta ta ce ita ido take nema, hannun rubutu ai ba ya wuya, sai a haɗa ni da magatakarda. Ta tambaye ni ko ina da wanda nake so.

Na dubi Attabi. Ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan mayafin, ba ta ko iya kallon matan da ke kusa da ita. Sannan na dubi mijinta, jiƙe sharkaf, da baƙar tawada a wuya.

"Akwai wani a gidanmu," na ce. "Ba ya gani, amma rubutunsa da kyau."

Attabi ta yi wata guda ba ta yi mini magana ba, kuma har yau in na shiga kicin takan sami abin yi a waje. Wannan yana damuna, ba zan ɓoye ba. Amma dutse na nan a buɗe ga mata in lokacinsa ya yi, Sarommabi na nan da tsinkenta. Duk ranar ƙidaya ina gaba, Pukoya na baya da allo a rataye a wuya da baƙin wandonsa. Jiya na tsaya a gaban wani dutse na ce masa ya rubuta uku.

Ya leƙa, ya goge gilashi, ya sake leƙawa. "Yaya, don Allah, ina suke?"

"Kai dai rubuta."