Ɗalibin Malachy Mai Goge

A shekarar da limaman ɗarikar Kapushin suka tashi haiƙan da wa'azin barin giya, kaf garin Kilkenny babu mai goge kamar Malachy Shortall. Biki ko zaman makoki, in ba a ji gogensa ba sai a ce taron bai yi armashi ba. Sai dai ba ya ɗora baka a kan tsirkiya sai ya kora kofi biyu na wiski, daga nan kuma ba wanda ke ƙirgawa. Shekararsa hamsin da uku, hancinsa ya yi jawur, matarsa Hanora ta gaji da magana har ta daina.

Ranar da aka rufe wa'azin mako guda a cocin limaman, maza suka yi ta durƙusawa layi-layi suna ɗaukar alkawari, ana rataya musu lamba a ƙirji. Malachy ya tsaya can baya da hula a hannu. Wanda ya yi wa'azin, Fada Ultan, wani dogo ne mai gemu da igiya a ƙugu, ƙafarsa cikin takalmin maɗauri ba safa ko da sanyi ya kai ina. A bakin ƙofa ya tare shi.

"Kai ba ka zo gaba ba."

"Fada, yatsun nan ba sa tafiya a bushe. In na yi alkawari yau, jibi zan karya. Gara in ci gaba da zama mashayi da in ƙara da ƙarya."

"Wannan magana ce," in ji Fada Ultan, ya ba shi hanya.

Washegari da ƙarfe huɗu, daidai lokacin da Malachy ke ɗaukar kwat ɗinsa zai tafi mashaya, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Fada Ultan ne, rungume da wani tsohon goge da ya tono a ɗakin ajiyar gidansu, tsirkiya uku kacal a jikinsa maimakon huɗu.

"An ce kai ne gwanin garin. Koya mini za ka yi."

Ba a korar limami daga ƙofa. Hanora ta ɗora tukunyar shayi, Malachy ya rataye kwat yana ƙunƙuni.

Tunda Malachy yake bai taɓa ganin mutumin da kiɗa ya ƙi kamar wannan ba. Yatsun Fada kamar tabarya, kunnensa kuwa bai san bambancin sama da ƙasa ba. Maƙwabciyarsu, tsohuwa Bridie Cantwell, ta leƙo ta taga ta ce, "Hanora, in alade kuke yankawa a ajiye mini ƙafa." Fada ya yi dariya har gemunsa na rawa, ya ci gaba da gurza.

"Sassauta hannu, Fada. Ba itace kake yankawa ba."

"To, malamina. Haka?"

"Ya fi muni."

Kullum sai ya zo, ko ana ruwa. Darasin awa ɗaya ya koma biyu, saboda Malachy ba ya iya jure jin an ɓata waƙa, sai ya karɓi gogen ya nuna, daga nunawa kuma ya zarce. Bai daina zuwa mashaya ba, amma yakan isa a makare, ya tarar abokan sun yi nisa, hirarsu ba ta shiga kunnen wanda bai sha ba.

A mako na uku ya ajiye baka ya dubi ɗalibinsa.

"Fada, kana tsammani ban gane ba? Ba goge ya kawo ka gidan nan ba."

"Na san ka gane tun ranar farko. Rabi dabara ce, ba zan ɓoye maka ba. Rabin kuma, tun ina ƙarami nake sha'awar abin nan, aka ce ba ni da kunne."

"Wanda ya faɗa maka bai yi ƙarya ba."

"To ka ga. Ni ina yin abin da aka ce ba zan iya ba, a gaban Bridie Cantwell ma. Ban ce ka yi mini alkawarin har abada ba, Malachy. Kwana uku. Ka gwada yatsun mu gani."

Kwana ukun nan sun fi ƙarfin abin da Malachy ya zata. A rana ta biyu jikinsa ya ɗauki rawa, gumi ya jiƙa katifa, ya yi ta ganin ɓeraye suna hawa bango. Fada Ultan ya naɗe hannun riga ya zauna a bakin gado tun safe. Shi ke riƙe masa kwanon amai, shi ke ba shi romo da cokali, ya ce wa Hanora ta je ta kwanta ko na awa ɗaya. Malachy ya zage shi zagin da ba a yi wa ɗan dako, balle limami. Abin da Fada ya ce kawai, "Buɗe baki, saura cokali biyu."

Ya yi kwana goma sha tara bai sha ba. Sai aka kira shi zaman makokin wani tsohon abokinsa, aka miƙo masa kofi don girmama mamaci, ya kasa cewa a'a. A amalanken mai madara aka dawo da shi gida da hantsi.

Ya wuni fuskarsa a bango, yana jiran wa'azi. Ƙarfe huɗu ya ji muryar Fada a falo yana tambayar Hanora ko akwai sauran burodin jiya, sannan ƙarar gurza ta tashi. Malachy ya daure, ya daure, har ya kasa. Ya fito ba takalmi.

"Yatsa na uku, Fada. Sau nawa zan faɗa?"

"Na manta. Zauna ka nuna mini."

Bai ce masa komai game da jiya ba, har Malachy da kansa ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Na sha."

"Na ji. Kwana goma sha taran nan dai naka ne, ba wanda ya ƙwace su. Yau mu sake ƙirgawa daga ɗaya."

Ran Lahadi Malachy ya je coci ya durƙusa, ya ɗauki alkawari zuwa bikin Ista. Fada Ultan ne ya ce kada ya wuce haka, in Ista ta zo sa sake magana.

Ana saura mako biyu a shiga azumin da Kiristoci ke yi kafin Ista aka yi bikin ɗiyar wani manomi, Purcell, a rumbun hatsinsa. Aka dire wa Malachy kofi a gefen kujera yadda aka saba. Ya ce a kawo masa shayi. Waƙar farko ta fito a karkace, ya ji wani yana cewa giyar ce dama ke kiɗan. Ya rufe ido ya shiga ta biyu. Kafin ya kai ta huɗu ƙafafu sun fara dukan katako, ƙura na tashi, uwar amarya ta cire mayafi ta shiga fili. Fada Ultan yana tsaye a bakin ƙofa da farantin dankali da naman alade, yana buga ƙafa, ba daidai da kiɗan ba.

Da safe Malachy ya riga Hanora tashi, ya hura wuta. Da ta fito ya ce, "Kin ga ɗan Brophy da ƙanwar amarya? Sau biyar suka yi rawa. Uban yarinyar kamar ya haɗiyi ƙaya."

Hanora ta tsaya da buta a hannu. Shekara ashirin da bakwai ita ke ba shi labarin bukukuwan da ya yi wa kiɗa, don giya ba ta barinsa ya tuna komai.

"Sau shida ne," ta ce, ta jawo kujera. "Wa kuma ka gani?"