Firjin Gidan Yaya Babba

Rana ta ɗan karkata bayan azahar, zafi kuwa kamar an kife garin da kwano, ko ganye ba ya motsi. A lokacin ne Auta ya rufe shagonsa na gyaran firji, ya naɗe wani tsohon buhu ya ɗaure a bayan babur, ya kama hanyar gidan Yaya Babba.

Ba yau ya fara ba. Tun da kaya suka yi tsada mutane suka rage kawo gyara, duk ƙarshen wata sai ya je. Yayan nasa ma'aikaci ne a kamfanin yin robobi, shi ya riƙe su tun rasuwar mahaifinsu, shi ya kai Auta koyon sana'a. Ba sai ka buɗe baki ba, da ya ga fuskarka zai ce wa matarsa, "A auna wa yaron nan shinkafa." Yanzu kuma ga matar Auta da tsohon ciki, ga buhun gidansu ya kwanta.

Matar Yaya ce ta buɗe masa ƙofa.

"A'a, Injiniya! Yau kuma firjin wa ka ƙarasa?"

"Haba Anti, ni ai likita ne, sai dai a kawo min mara lafiya a makare."

Ta yi dariya, amma gajeriya. Ta ce Yayansa ya ɗan fita, yanzu zai dawo.

Falon yana nan yadda ya san shi. Kujeru a goge, labule a wanke, talabijin an lulluɓe ta da ƙyalle, firji a kusurwa da furen roba a kansa. Ta kawo masa ruwa a kofi. Ya kurɓa, ya ji shi ɗumi kamar an sauke daga wuta.

"Ba a kawo wuta ba ne?"

"An kawo. Firjin ne yake ɗan wasa."

To, mai gyara ba ya jin irin wannan magana ya ci gaba da zama. Auta ya ajiye kofi ya miƙe.

"Bar shi, zauna abinka," in ji ta.

"Ga likita har gida, a bar mara lafiya a kwance?"

"Auta, na ce ka bar shi!"

Bai taɓa jin wannan muryar a bakinta ba. Amma ya riga ya rungumi firjin ya jawo da ƙarfinsa duka, yadda ya saba. Sai firjin ya taho sakayau kamar kwali, har ya kusa faɗuwa da baya.

Ya leƙa bayansa. Inda injin ya kamata ya zauna, rami ne kawai. An kwance shi, an yanke bututun jan ƙarfen tsaf, ko wayar wuta ba a bari ba. Ya zagayo ya buɗe murfin. Tsofaffin littattafan yara ne a jere a ciki, da takalma.

Ya tsaya baki buɗe.

"Anti, ɓarayi ne suka shigo muku?"

Ta zauna a hannun kujera, ta rufe fuska da gefen mayafi.

"Yayanka ne ya sayar. An rufe kamfaninsu tun farkon shekara. Kullum yana fita neman wani aikin, kullum yana dawowa da ƙafa."

"Tun farkon shekara? Ai ko wancan watan na zo nan, kun auna min..."

"Shinkafarka ce wannan ramin da kake kallo."

Auta ya sake leƙa ramin. Wannan shinkafar, har tsaki ya yi a gida don ya tauna tsakuwa a cikinta.

Ya je ya ɗaga ƙyallen talabijin. Kwali ne a ƙasa, an yanke shi daidai girmanta. Bai nemi izini ba ya yaye labulen ɗakin ciki. Babu gado, babu kwaba, babu fanka, sai katifa a ƙasa da kaya a ɗaure cikin zani. Alamar ƙafafun gadon tana nan a kan siminti.

"Falo kaɗai ya bari," ta ce daga bayansa, "don nan dangi suke zama. Kuma ba kai kaɗai ba ne. Maganin Gwaggo shi ne fankar. Kuɗin makarantar yaran 'yar'uwarku shi ne gadon. In na yi magana sai ya ce babba juji ne. Ba ya barci, Auta. In na sa abinci ya ce ya ci a waje. Jiya ƙaramin ɗanmu ya fasa kofi, ya yi masa tsawar da yaron ya saki fitsari, shi kuma Yayanka ya shiga banɗaki ina jin kukansa. Ya ce in na gaya wa wani a cikinku bai yafe ba."

Ba ta rufe baki ba suka ji sallama.

Auta ya dubi yayansa, ya ga kamar yau ya fara ganinsa. Wuyan riga ya yi masa yawa. Takalmansa sun yi furu-furu da ƙura. Ashe duk zuwan da yake yi, buhu yake kallo, ba mutum ba.

Yaya Babba ya dubi firjin a tsakiyar falo, ya dubi matarsa, ya dubi Auta.

"Wa ya ce ka taɓa min kaya?"

"Yaya..."

"Na kira ka gyara? Gidana ya zama shagonka? Ke kuma, abin da muka yi da ke ke nan?"

"Ba ita ba ce, Yaya. Hannuna ne ba ya zama."

"To ka gani. Sai ka je ka ba da labari." Ya juya wurin matarsa. "A duba abin da ya rage a auna masa, ya tafi. Iyalinsa na jira."

Wannan ce ta karya Auta. Ya durƙusa a gabansa kamar yadda yake yi yana yaro in ya yi laifi.

"Wallahi ko ƙwaya ɗaya ba zan ɗauka ba. Yaya, ni ban iya magana ba, ka sani. Ba ni da ƙarfin riƙe gida biyu, nawa ma da ƙyar. Amma duk fitar da zan yi aiki, rufe shago nake, masu kawo gyara su juya su tafi wani wuri. Kuma a ciniki kowa cutata yake. Ka zo ka zauna min. Abin da ya shigo mu raba."

"Ni? In zama yaron shagonka? Ni da na wanke maka kashi?"

"To ka zama maigida, ni yaron. Da ma haka muke."

Matar Yaya ta saki wata dariya da hawaye a ciki, ta yi sauri ta toshe baki. Yaya Babba ya zube a kujera. Ya matse hannayensa tsakanin gwiwoyi.

"Kada Gwaggo ta ji."

"Za ta ji, Yaya. Duk wanda ya ci daga gidan nan zai ji. Mu ne muka cinye gadonka, ai sai mu san mun ci. Kowa ya kawo ɗan abin da zai iya."

Yaya Babba ya sunkuyar da kai. Can ya goge fuska da tafin hannu, ya kalli gefe.

"Yaushe kake buɗe wannan akurkin naka?"

"Da hantsi."

"Shi ya sa ba ka samun komai. Mai shago da sassafe yake buɗewa." Ya gyara zama. "Ban ce zan zo ba."

"Na ji, Yaya."

Auta ya miƙe zai fita. A bakin kicin ya ga tukunyar gas, ya ɗan girgiza ta, ya ji wayam. Bai tambayi kowa ba, ya saɓa ta a kafaɗa ya kai kan babur. Kuɗin man da zai zuba gobe ya ba mai gas, aka ɗura masa ɗan gas daidai kuɗin.

Da ya dawo, Yaya Babba yana tsaye a bakin ƙofa. Ya dubi tukunyar, ya dubi ƙanensa yana zufa, sannan ya matsa gefe ya ba shi hanya.

"Bi a hankali," ya ce, "kada ka kankare wa mai gidan haya fenti."